Asalin Kalmar Pendulum da Yadda Ake Fakewa da Ita

Akwai wata kalma da ƴan boko suke yawan jefawa cikin zance duk sa'ad da al'amuran mulki suka juya, ko a ofisoshin Yamai, ko a fadojin shan shayi na Damagaram da Maraɗi da Tawa. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai pendule ne, wanda kuwa ya yi nasa a Kano ko Zariya sai ya ce pendulum. Manufarsu ɗaya ce: wai siyasa lilo ce, in ta tafi gabas da kanta za ta komo yamma, saboda haka babu abin tada hankali, babu kuma wanda za a tuhuma. Ɗan kasuwan da ke zaune a gefe, wanda shi ne kayansa suke kwana a bakin iyaka in an rufe ta, sai ya gyaɗa kai don kada a ce bai waye ba. To, tunda har kalmar ta kai matsayin da ake rufe wa mutane baki da ita, ya kyautu a kwance ta a ga abin da ke ciki, kamar yadda mai sayen hatsi yake zura hannu har gindin buhu kafin ya biya.

Kalmar dai ba ta Ingilishi ba ce, ba kuma ta Faransawa ba. Dukansu aro suka yi daga Latin, harshen Rumawan dā. A wannan harshe akwai siffa pendulus, wato abin da ke rataye yana reto, kuma pendulum wani jinsi ne na wannan siffa. Ita siffar ta fito ne daga aikatau pendere, wanda ke nufin kasancewa a rataye. Masanan Turai na ƙarni na 17, waɗanda da Latin suke rubuta littattafansu, su ne suka ɗauki wannan siffa suka laƙaba wa nauyin da aka ɗaure a bakin igiya aka sake shi yana kai da kawowa. Wajen 1660 ta shiga rubutun Ingilishi da wannan ma'ana. Abin lura a nan shi ne, a cikin ainihin kalmar babu zancen kaɗawa ko kaɗan. Ratayar ce aka ambata. Waɗanda suka raɗa sunan sun dubi igiya da ƙusar da ke riƙe da ita, alhali masu yawo da kalmar a yau motsin kawai suke gani.

Aikatau ɗin nan yana da tagwai. Akwai wani pendere na biyu, rubutunsu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su a baki, shi kuma ma'anarsa a rataya abu a ma'auni, wato a auna. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci, ko ya ji labarin awon gyaɗa a Maraɗi zamanin da gyaɗa ce dukiyar ƙasa: ma'auni na dā rataye shi ake yi, a ɗora kaya a gefe guda, nauyi a gefe guda. Kafin Rumawa su fara buga kuɗi, tagulla suke aunawa su biya da ita, saboda haka a bakinsu aunawa da biya suka zama kalma guda. Daga nan ne zuriya mai yawa ta fito, kuma mafi yawanta suna kwana a aljihun mai karatu ba tare da ya san danginsu ba. Fansho ɗin da tsohon ma'aikaci yake bin layi dominsa daga pensio yake, wato biya. Dépense da akawu yake rubutawa a shafin kuɗin da suka fita, daga nan take. Peso na ƙasashen da ke jin Sifaniyanci ma'anarsa nauyi. Fam ɗin da kakanni suka yi ciniki da shi a kasuwannin Najeriya kafin Naira ta zo a 1973 ya samo sunansa ne daga pondo, wato bisa awo. Albashin sojan Rum stipendium ake ce masa, nan ma awon ne a ciki. Har penser, yin tunani a Faransanci, asalinsa aunawa ne, kuma Bahaushe bai jira Rumawa ba kafin ya ce a auna magana kafin a faɗe ta.

Cikin wannan dangi akwai biyu da suka shafi ƙasar nan kai tsaye. Ta farko ita ce indépendance, wadda ake wa biki kowace ranar 3 ga Agusta tun 1960. In aka fasa ta, dépendre shi ne ka kasance a rataye a jikin wani, ƙarin da ke gabanta kuwa korewa ne. Ma'anar dai a ce an sauke ka daga maratayin wani. Ta biyun ita ce suspension, kalmar da jama'ar Nijar suka saba ji a rediyo cikin sanarwar farko ta juyin mulki, lokacin da ake cewa an dakatar da kundin tsarin mulki. A Latin ma'anarta a rataye abu sama, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Mai fassarar da ya ce an rataye tsarin mulki bai yi kuskure ba ko da wasali ɗaya. Ga kalmomi uku ƴan ɗaki ɗaya, ƴanci da dakatarwa da lilo, kuma mutum zai iya shekara talatin a aikin gwamnati yana rubuta su bai taɓa jin cewa uwarsu ɗaya ba.

Wannan ke nan game da suna. Shi abin da aka raɗa wa sunan, ba wani abin mamaki ba ne a ido: dutse ne da zare. Yara suna lilo a reshen bishiya tun fil azal, magina kuma suna sakin igiya mai nauyi don su ga ko bango ya miƙe, abin da Rumawa suke kira perpendiculum. Amma sai da aka samu wanda ya tsaya ya ƙirga. Shi ne Galileo Galilei, mutumin Pisa a Italiya, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1642. Almajirinsa Viviani ya ba da labarin cewa wata fitila ce da ke reto a babbar majami'ar garin ta jawo hankalinsa yana saurayi; wannan labari ne na almajiri game da malaminsa, a ɗauke shi a haka. Abin da ke rubuce shi ne, a wata wasiƙa ta 1602 ya bayyana cewa lokacin da lilo yake ɗauka ya je ya dawo bai damu da nisan tafiyar ba. In ya yi nisa sai ya yi sauri, in ya yi kusa sai ya yi sannu, lokacin dai guda. Nauyin dutsen ma ba ya canza lissafi. Tsawon igiya ne ke hukunci, kuma da ƙa'ida: wanda yake son lokacin ya ninka biyu, sai ya ninka igiyar sau huɗu.

Galileo ya yi tunanin haɗa wannan da agogo a ƙarshen rayuwarsa, bayan ya makance, bai kuwa ga an gama ba. Wani Baholande, Christiaan Huygens, shi ya cika aikin a 1656, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1657. Kafin wannan, agogon da ake yabo yana iya kuskuren kusan minti 15 a yini. Bayan an sa masa lilo aka gyara shi, kuskuren ya sauko zuwa wajen sakan 15. Kusan shekara 270 babu abin da ya fi shi tsare lokaci a duniya, har zuwa shekarun 1930 da agogon kwatsa ya karɓe shi. Huygens ɗin ne kuma ya nuna cewa maganar Galileo tana da iyaka: lilo yana tsare lokaci ne muddin kaɗawarsa ƙarama ce. In ta yi faɗi, lokacin sai ya ƙaru, agogo ya yi ƙarya. Saboda haka maƙeran agogo suka yi ta dabara har wajen 1670 suka samo wani ƙarfe mai ƙugiya biyu da ya rage kaɗawar zuwa digiri 4 ko 6 kawai. A riƙe wannan, za a komo gare shi.

Daga wannan agogo ne Faransanci ya sami wata rigima da take kayar da ɗalibai a jarrabawa. Le pendule, namiji, shi ne lilon. La pendule, mace, ita ce agogon bango, domin an taƙaita horloge à pendule ne, wato agogo mai lilo, aka jefar da sunan aka riƙe jinsinsa. Har yau ana kiran agogon da ke bangon ofis pendule ko da batir ne a cikinsa, babu abin da ke reto. Ma'aikata sun san salon maganar nan ta mayar da su pendule kan sa'a, da ake yi in shugaba zai ja kunnen na ƙasa da shi. Larabawa kuwa da suka ga abin yana kai da kawowa a cikin akwatinsa, sai suka ce masa raƙƙas, wato mai rawa. Kowa da inda ya sa ido.

Ƴan kasuwa suna da rabo na musamman a tarihin nan, domin saura kaɗan mitar da ake auna yadi da ita ta zama ɗiyar lilo. Igiyar da take ɗaukar sakan guda cif daga gefe zuwa gefe tsawonta kusan santimita 99 ne da ɗan ɗoriya. A 1790 Talleyrand ya kawo wa majalisar Faransa shawarar a ɗauki wannan tsawo ya zama ma'aunin kowa. Abin da ya kawo cikas tsohon labari ne: a 1672 an aiki masanin taurari Jean Richer zuwa Cayenne, kusa da tsakiyar duniya, ya tarar agogonsa da ke daidai a Paris yana jinkirin minti biyu da rabi a kowace rana, sai da ya rage igiyar da kusan milimita 3. Daga baya Newton ya yi bayani cewa ƙarfin da ƙasa take jawo abu da shi ya fi rauni a can, saboda juyawar duniya da kumburinta a tsakiya. Ma'aunin da yake canzawa daga gari zuwa gari kuwa, kowane ɗan tireda ya san fitinar da ke cikinsa. Tiyar wannan kasuwa ba ta wancan ba ce. Sai a 1791 masanan suka zaɓi su ɗauko mita daga tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta, kashi ɗaya cikin miliyan goma.

A 1851 Léon Foucault ya rataya dunƙulen ƙarfe mai kilo 28 da waya mai mita 67 a ginin Panthéon na Paris, jama'a suka taru suna kallon layin kaɗawarsa yana karkata sannu a hankali. Ƙasa ce take juyawa a ƙarƙashinsa. A Paris layin yana cika zagaye cikin kusan awa 32. Da a Yamai aka rataya shi, sai ya haura kwana huɗu, saboda kusancin birnin da tsakiyar duniya.

Yanzu sai a komo kan masu cewa siyasar ƙasa lilo ce. Gaskiya ne wanda ya jera shekarun zai ga kamar kai da kawowa. Diori Hamani ya yi mulki daga 1960 har sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, aka zaɓi Mahamane Ousmane a 1993. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki, aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999, Daouda Malam Wanké ya riƙe ƙasa har aka miƙa wa Mamadou Tandja a Disamba ta wannan shekara. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 Salou Djibo ya kifar da Tandja, Mahamadou Issoufou ya hau a 2011, ya miƙa wa Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021, karo na farko da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka sake karɓa ƙarƙashin Abdourahamane Tiani. Juyin mulki biyar, jamhuriya bakwai.

Amma darajar lilo gaba ɗaya tana cikin daidaiton lokacinsa ne, kuma nan kwatancin ya fara faɗuwa. Mulkin farar hula na farko ya kusa shekara 14, na biyu bai cika uku ba, na uku ya yi goma, na huɗu goma sha biyu. Da agogo ne yake tafiya haka, da tuni an kai shi bakin kasuwa an sayar wa mai gwangwan. Babu ɗan kasuwar da zai iya sa hannu a kan bashin shekara biyar bisa wannan lissafi, babu kuma ma'aikacin da zai iya cewa ga dokar da za ta yi masa hisabin fanshonsa ranar da zai ajiye aiki.

Babban aibin kwatancin yana wani wuri dabam. Dutse a bakin igiya ba shi da niyya, ba shi da suna, ba a kai shi gaban alƙali. Kowane ɗaya daga cikin juye-juyen da aka lissafa yana da ranarsa, yana da mutanen da suka shirya shi, yana kuma da waɗanda suka share masa hanya. A 1974 an yi fari da yunwa, aka yi ta kuka kan yadda ake rabon taimakon abinci. A 1995 shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadou sun yi zaman doya da manja har aikin gwamnati ya tsaya, ma'aikata kuwa suna bin bashin albashi bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. A Yuli 1996 an rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar zaɓe. A 2009 an rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki don neman tazarce ta shekara uku. Duk waɗannan ayyukan hannu ne, na masu kaki da na masu babbar riga. Wanda ya tattara su ya ce lilo ne ya yi wa kowa afuwa ke nan tun ba a zauna shari'a ba, ya kuma koya wa talaka cewa aikinsa shi ne ya zauna ya jira igiya ta komo da kanta.

Ai ko lilon gaskiya ba ya komowa har abada da kansa. Iska tana rage masa ƙarfi, gogayya a wurin ratayar tana ci, in an ƙyale shi sai ya tsaya cik. Abin da ke sa na agogo ya yi ta tafiya shi ne wani nauyi da ke saukowa a hankali, ko ƙarfen da aka murɗa da makulli, wanda yake ɗan tura shi a kowace kaɗawa. In mai gida ya manta bai murɗa ba, ranar ta takwas agogo ya mutu. Zafi ma yana da nasa: ƙarfe yana ƙara tsawo in ya ɗumama, agogo ya riƙa jinkiri, abin da ya sa George Graham da John Harrison a Ingila suka ƙera lilon da ke gyara kansa a shekarun 1720. Babban agogon majalisar Landan da ake kira Big Ben, da tsofaffin kwabbai ake daidaita shi. Kwabo guda in an ɗora a kan lilonsa yana canza tafiyarsa da kashi biyu cikin biyar na sakan a yini. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su hau su duba su ɗora ko su cire.

In har akwai abin da ƴan siyasa za su ara daga wannan na'ura da gaskiya, to abu biyu ne da aka riga aka ambata, kuma ba su ne ake faɗa a fada ba. Na farko, ratayar da sunan ya ambata: in ƙusar da ke sama tana girgiza, ko ana tumɓuke ta ana sake kafawa duk bayan ƴan shekaru, abin da ke ƙasa ba zai tsare wani lokaci ba. Na biyu, abin da Huygens ya gano game da faɗin kaɗawa. Wanda ya ja dutse har ƙarshen igiya don ya more nasa gefen, shi ne ya ƙayyade nisan da zai kai a ɗaya gefen. Jam'iyyar da ta ci zaɓe ta kori ma'aikatan da ba nata ba tun daga darakta har mai gadi, ta toshe wa ƴan kasuwar hamayya kwangila, ta riga ta rubuta abin da za a yi wa nata mutanen.

Saura batun abin da za a kira shi da Hausa, kuma wannan ya daina zama hirar malamai kawai tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, amma har yau yaron da ya kai ga darasin kimiyya sai ya haɗiye pendule ba tare da ya san cewa abin da yake wasa da shi a reshen dogon yaro ne ake nufi ba. Hausa ba ta rasa kayan aiki ba: akwai lilo, akwai shillo, akwai reto, akwai rataya da maratayi. Lilo ya fi kama motsin kuma kowane yaro ya san shi, reto ya fi kusa da abin da Latin ta faɗa. Lilon agogo ya isa ga littafin firamare, babu buƙatar a ƙago wata doguwar kalma da ba wanda zai furta a kasuwa. Hukumar INDRAP da ke shirya littattafan makaranta ita ce ta dace ta tsayar da ɗaya, ta kuma tuntuɓi masana na Kano da Sakkwato, don kada yaron Maraɗi da na Katsina, da ƴar tafiya ce tsakaninsu, su tashi da suna biyu ga abu guda.

Darasin kansa ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko taimakon waje. Malami ya nemi zare mai santimita 99 daga ƙusa zuwa tsakiyar dutse, ya kafa ƙusar a dokin ƙofa, ya ja dutsen kamar faɗin tafin hannu ya saki. Yaro ɗaya ya riƙe agogon salula, sauran su ƙirga duk wucewa daga gefe zuwa gefe, za su sami kusan 60 a minti guda. Sai a sauya dutsen da wanda ya fi shi nauyi a sake ƙirgawa, sa'an nan a rage zaren zuwa santimita 25, inda ƙirgar za ta kai wajen 120.